Lalle Uku a Bayan Ɗakin Inna

Ni dai matsoraciya ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Jikokina suna yi mini dariya wai ko ƙadangare ne ya faɗo daga katanga sai na yi salati. Nakan ce musu ku yi dariyarku, tsoron nan ne ya kawo ni waɗannan shekaru. Amma duk tsoron da na sha a duniya babu wanda ya kama ƙafar na wata bazara a tsohon garin Maraɗi, can cikin fadama, tun kafin ruwa ya tashe mu mu hayo tudu. Ina 'yar shekara tara ko goma lokacin. Nasara suna ta yaƙinsu a can ƙasarsu, a nan kuma ana kwashe samarinmu ana kai musu.

A bayan ɗakin Inna akwai lalle guda uku. Al'adar gidan su Inna ce, mutanen Jiratawa: in an haihu sai a binne mahaifa a bayan ɗaki, a dasa lalle a kai. Kakarmu ta wajen uwa ita ta dasa dukansu da hannunta kafin ta rasu. Babban, wanda yake can kusurwar katanga shi kaɗai, na Yaya ne, ɗan farin gidanmu. Biyun da suke dab da juna ta wajen rumbu, ɗaya nawa, ɗaya na autarmu. Abin da aka yarda da shi, ko da yake ba a faɗa da ƙarfi a gaban Baba, shi ne lallen mutum tare yake tafiya da mai shi. In mutum yana lafiya, lallensa ya yi kore shar. In wani abu ya same shi, ko a bangon duniya yake, lallen ne zai fara kawo labari. Baba baduku ne, mai sallah a kan lokaci, yakan ce wannan zancen Anna ne masu tsafi, itace ai itace ne. Sai dai ban taɓa ganin ya karya ko tsinke daga jikinsu ba.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa aka ɗauki Yaya soja. An tara samari a bariki, likitan Nasara ya bi su yana duban haƙora yana buga ƙirji, Yaya kuwa Allah ya ba shi ƙirji. Saƙonsa ɗaya ya iso daga Yamai, cewa za a wuce da su gaba. Daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Wanda bai san kunyar ɗan fari ba zai ce Inna ba ta son Yaya. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Ranar da za su tashi, mata suna ta koke-koke a ƙofar bariki, ita tana tsakar gida tana daka kamar ba abin da ya faru, har maƙwabta suna yaba mata kunya. Amma tun daga washegari, kullum in ta idar da sallar asuba sai ta zaga bayan ɗaki ta share gindin lallen Yaya, ta zuba masa ruwa cikin ƙoƙo. Ba ruwan wanke-wanke ba, ruwan randa, wanda muke sha. Ba ta sake tsinkar ganyensa ba. In Sallah ta zo, daga nawa da na auta ake tsinko wanda za a ƙunsa mana. Wata maƙwabciya ta taɓa roƙon ganyen babban don ya fi ja, Inna ta ce mata ai wannan bai nuna ba, ga shi kuwa ganye har yana jan ƙasa.

A shekarun nan aka rufe hanyar kudu, kaya suka daina shigowa, sabulu ya ɓace daga kasuwa. Sai Inna ta koma yin na gida tana sayarwa. Takan ƙona karan gero ta tara toka, ta tace ta cikin tukunya mai huda, ta dafa ruwan da man gyaɗa har ya kama jikinsa. Aikina shi ne in kwashe ragowar ruwan toka da ɗaurayar tukwane in kai kududdufin bayan unguwa in zubar. Ruwa ne mai cin hannu, in ya taɓa inda ka yi rauni sai ka kira uwarka.

Hanyar kududdufi kuwa ta bi ta inda wani gardi, ɗan sandan Nasara mai jar hula, yake tsayawa, don nan kumandan, Baturen da yake mulkin gari, yake bi in zai tafi gulbi. Wata rana ina tafe da tukunya a kai, wata mata a gabana ta yi tuntuɓe, ruwan wankinta ya malale a hanya. Ban san ko sau nawa bulala ta sauka a bayanta ba, don na rufe ido. Na dai ji tana cewa na tuba, na tuba, kamar ita ta sa dutsen a hanya. Na iso gida na rantse a raina ni da hanyar nan har abada.

To, matsoraci ba ya rasa dabara. Sai na riƙa jira Inna ta shiga sallar azahar, in ɗauki tukunya kamar zan fita, in zaga ta bayan rumbu in juye a gindin lallena da na auta, in watsa busasshen yashi a kai. A wautata ruwa ai ruwa ne, har ina ganin alheri nake yi musu. Na Yaya kam ban taɓa kusantarsa ba ko sau ɗaya. Yana can nesa a kusurwa, wurin ma ya ɗan fi tudu, kuma na san Inna tana duban gindinsa kullum, ko tururuwa ta canza hanya sai ta gane. Haka na yi tun daga kaka har zafi ya shigo, ina jin kaina wata mai wayo.

Da bazara ta kama, sai ganyen lallena da na auta suka fara ƙonewa ta baki-baki. Inna ta duba ta ce zafin bana ne. Ba a yi kwana bakwai ba sai na Yaya, wanda yake shan ruwan randa kullum, ya fara bushewa daga sama. Shi bai tsaya ƙonewar baki-baki ba. Ganye ya yi laushi, ya naɗe, ya riƙa zuba, reshe bayan reshe. Inna ta ƙara masa ruwa safe da yamma. Ta yi masa rumfa da tsohuwar tabarma. Kullum da safe ina laɓe bayan rumbu ina kallonta, takan sa farce ta kankare ɓawon ta ga ko da sauran kore, kuma kullum sai ta ƙara yin ƙasa kafin ta samu. Ranar da ta kankare can gindi dab da ƙasa ta tarar da shi fari ƙaƙas, sai ta daina kankarewa. Ta zauna a wurin da ƙoƙon a hannu har rana ta take.

Daga ranar ta daina cin abinci. Ba ta ce ta daina ba. In an zuba tuwo takan ɗan taɓa da yatsa, ta tura wa auta kwanon. Kuka kuma babu hali, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, balle ma ba wanda ya zo ya ce ya mutu. Baba ya je bariki, ya wuni a rana kafin ya ga tafinta. Tafinta ya ce ba takardar da ta zo, in kuwa babu takarda to mutum yana nan. Aka ce masa akwai wani soja da aka sallamo a Tibiri, hannu ɗaya. Baba ya tafi a ƙafa. Sojan ya ce teku faɗi gare ta, mutane kuma yawa gare su, shi bai gan shi ba. Baba ya dawo ya gaya wa Inna wai sojan ya ce 'yan Maraɗi duk suna lafiya. Ta dube shi kawai, don ta san muryarsa in yana gyara magana.

Ni kuwa abin da nake ciki Allah kaɗai ya sani. Wata rana na tone yashin da nake rufawa, na ga ƙasar ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa, ko ciyawa ɗaya babu a wurin. Nan take na gane ni ce nake kashe lallena da na auta. Tunda lallen mutum tare yake tafiya da shi, ke nan na kashe kaina, na haɗa da ƙanwata. Na riƙa duban tafin hannuna ko ya fara bushewa. Auta ta yi tari sau ɗaya wajen cin ƙuli, sai da na saki fitsari a tsaye. Na koma bin hanyar kududdufi ina karanta duk abin da na iya, gardin ma ko kallona bai yi ba.

Amma akwai tsoron da ya fi wannan, shi ne wanda ba ni da wanda zan gaya wa. Namu biyun na san abin da ya same su. Na Yaya fa? Ban zuba masa komai ba, kuma shi ya riga mutuwa. Duk gidan ni kaɗai na san wannan, don haka ni kaɗai na tabbata ba zafi ba ne, ba kuma hannun kowa ba ne. In na tuna yadda yake ɗora ni a wuya mu je kallon dambe sai numfashina ya tsaya. In faɗi laifina, a kashe ni da duka, kuma ba zai dawo da shi ba. Sai na yi gum.

Inna ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Tukwanen sabulu suka bushe. Ran nan tana daka taɓarya ta kuɓuce mata, ta sulale a gindin turmi, sai da aka yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo, maimakon ɗaki, sai ta rarrafa bayan ɗaki ta zauna tana kallon busasshen itacen. Baba ya ga abin ya ishe shi. Ya shiga ya ɗauko gatari ya ce yau zai raba ta da wannan abin kallo.

Ban taɓa ganin Inna ta taɓa Baba a gaban mutane ba sai ranar. Ta riƙe gefen rigarsa da hannu biyu.

"Malam, aje gatarin ga, don Allah don Annabi," in ji ta. "Jini ba shi tumɓuke na jininai. In kas sare shi da hannunka, kai kab bizne shi."

"To mi kike so in yi? In zura ido ki bi shi?"

"A kira mai aikin. Shina Jiratawa."

Baba ya ajiye gatarin. Mutumin da yake cewa itace ai itace ne, washegari da sassafe ya ari jaki ya kama hanyar Jiratawa.

Wanda ya zo da shi wani tsoho ne gajere, Anne, sanye da walki, wuyansa duk layu. Sana'arsa haƙar saiwar magani, kuma shi ake kira a duk yankin in akwai itacen da mutane suke tsoron taɓawa, na kushewa ko na gindin tsafi ko irin namu. An ce ya san yadda ake neman izini, ya kuma san yadda ake cire itace ba a tayar da abin da yake ƙarƙashinsa ba. Kayan aikinsa dagi ne da 'yar guntuwar hauya, babu gatari. Yana shigowa ya gan ni laɓe jikin rumbu, ya ce, "A'a, ga matata nan ta ɓoye. Ke, ba ki gaida mijinki?" Na durƙusa na gaishe shi. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Ya sa aka kawo masa ruwa a sabuwar ƙwarya, da gumba, da tsohuwar tabarma. Ya ce duk mai kwana a gidan ya zo ya tsaya. Muka jeru a inuwar ɗaki, Inna a zaune don ba ta iya tsayuwa, hantsi ya fara zafi.

Tsohon nan bai da gaggawa ko kaɗan. Ya zaga itatuwan yana kallon sama da ƙasa kamar mai sayen akuya. Ya tsuguna a gindin nawa, ya ɗan tona da yatsa, ya shinshina, ya ɗora ƙasar a harshe, ya tofar da sauri yana yamutsa fuska. Ya matsa na auta ya yi haka, ya sake tofarwa. Ni dai na ce yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Sannan ya taka zuwa kusurwa. A gindin na Yaya ya tona ya fi zurfi. Ya ɗora ƙasar a harshe, bai tofar ba. Ya sake tonawa ta ɗaya gefen ya ɗanɗana. Ya jawo wata 'yar saiwa ya karya ya duba cikinta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar tsohon nan a rufe take ruf.

"Baba, mi kag gani?" Inna ta tambayi tsohon. Muryarta kamar ta mai jinyar shekara.

Ya dube ta tun daga idon da ya faɗa har zuwa hannun da awarwaro yake lilo a ciki.

"Ɗiyata, kin san ƙa'idar abin," ya ce. "Lallen da yam mutu don kainai, saƙo na. Wanda hannun mutum yak kashe kuwa ba shi da bakin magana, itace na kamar kowane. Wa ka yin sabuni gidan ga?"

"Ni ta."

"Ruwan tokar fa, wa ka zubda shi?"

Ba wanda ya kira ni. Ƙafafuna ne suka fito da ni tsakiyar fili. Na faɗi komai, gardi da bulala da sallar azahar da yashin da nake rufawa. Baba ya ce innalillahi. Inna ba ta ko motsa ba, don har lokacin ban faɗi abin da take jira ba.

Tsohon ya matso ya tsuguna har fuskarsa ta yi daidai da tawa, ina jin warin taba a bakinsa.

"Matata, ki buɗe kunne da kyau," ya ce a hankali. "Biyu kinka zuba ma, ko duka ukun?"

Ya san amsar, harshensa ya gaya masa. Ni ma na sani. Ya ɗan karkata ido wajen Inna, ya dawo da shi kaina. Ni ba yarinya ce mai saurin ganewa ba, amma ranar na gane. In na ce biyu, na faɗi gaskiya, dukan ma zai yi sauƙi, Inna kuma ba za ta ga damina ba. In na ce uku, na ɗauki kisan lallen Yaya a kaina, kuma na yi ƙarya a gaban abin da yake kwance a ƙarƙashin ƙasar nan, wanda ban san me zai yi mini ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokacin ba, har yau da nake da furfura.

Na ce, "Duka ukun."

"Har da na kusurwa?"

"Har da shi. Shi nif fi zuba ma."

Matar da ba ta iya tsayuwa sai ga ta a kaina. Marin farko sai da na ga wuta. Ta riƙa dukana da hannu biyu, ta ko'ina, tana cewa, "Kin kashe mini lalle! Muguwa, kin kashe mini lallena!" Sai kuka ya ɓarke mata. Kukan shekara biyu ne, wanda ba ta yi a ƙofar bariki ba, ta same shi yau da sunan itace. Ta yi ta yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baba ya yunƙura zai raba, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari. Dukan bai da wani ƙarfi, yunwa ta riga ta cinye hannun. Da ta gaji sai ta zube ta rungume ni, tana kuka tana zagina.

Sannan tsohon ya kama aiki. Ya zuba gumba a gindin na Yaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa wadda ba mu ji ba. Ya ja da'ira kamu ɗaya daga gindin, ya riƙa haƙa a kewaye da dagi, ba ya yarda ƙarfe ya nufi tsakiya inda aka binne mahaifa. Duk saiwar da ya tarar sai ya ajiye dagi ya bi ta da yatsu har ƙarshenta, ya zaro ta ɗungum. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Baba da ya ce ba ruwansa da aikin Anna, shi ne ya riƙa miƙa masa ruwan sha. Sai wajen azahar itacen ya karkata, ya rungume shi ya ɗaga, ya kwantar a tabarma ya naɗe. Ya sa aka ɗebo sabon yashi daga gulbi ya cike ramin ya daddale da tafin hannu.

Na auta ya ce da sauran rai. Ya datse rassan, ya kwashe farar ƙasar ya sa sabuwa, ya ce a yi ta kwarara masa ruwa. Nawa kuwa ya kankare ya girgiza kai, ya ce wannan ya tafi, shi ma fita zai yi. Ina tsaye ina kallo ana haƙa kewaye da cibiyata. Duk saiwar da ya zaro sai in ji kamar daga cikina ake zaro ta. Da ya ɗaga shi sama na runtse ido na yi kalmar shahada, ina jiran in faɗi. Shiru, shiru, ban faɗi ba. Abin da ya biyo baya ma abin kunya ne, cikina ne ya yi ƙugi don tun safe ban ci komai ba, kowa ya ji.

"To, ga ta nan," in ji tsohon, yana nuna ni da dagi. "An hidda nata, ga ta tsaye tana neman tuwo. Wanda hannu yak kashe ba shi da magana, na gaya miki."

Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubana.

Ya ɗaure itatuwan biyu ya ce shi zai fita da su daji, ba a ƙona su a gida. Ya ce matarsa, wato ni, ta rako shi da dagi zuwa ƙofa. A zaure, inda ba kowa, ya karɓi daginsa, ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, "Ƙasar kusurwa ba ta da toka ko ta miya. Kin sani, na sani. Mu biyu mun isa." Ya saɓa kayansa ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Da la'asar Inna ta ce a dama mata fura. Ta shanye, ta ce a ƙara. Bayan kwana uku hayaƙin sabulu ya sake tashi a gidanmu, ni kuma na ci gaba da bin hanyar gardi da tukunya a kai.

Daga ranar na zama shaidar Inna. Duk wanda ya zo yi mata jaje kan lallen sai ta nuna ni ta ce, "Wagga ja'ira ta kashe shi da ruwan toka. Ita ma an tumɓuke nata, ga ta nan kwano biyu take ci." Unguwa duk ta sani, har aka riƙa yi mini tsiya da shi, ranar aurena ma sai da wata gwaggo ta ce a gaya wa ango ya ɓoye shukarsa. Ko zazzaɓi ba ni da ikon yi a fili, don da ta ga na kwanta sai idonta ya koma irin na wancan lokacin. Sau nawa na tashi na yi shara jikina yana rawa don kada ta gani. Ni kuma shekaru na yi ina jiran hukuncin ƙaryar da na yi a gindin lalle, ko ƙaya ce ta soke ni sai in ce to ga shi ya zo.

Yaƙi ya ƙare, waɗanda za su dawo suka dawo. Yaya bai dawo ba, takarda ma ba ta taɓa zuwa ba. Da ruwa ya ci tsohon gari muka hayo tudu, daga baya muka zauna Sabon Gari. Abin da ya dami Inna shi ne kada wancan ya zo ya tarar da kufai. Duk shekara takan gangara fadama ta bar sallahu wajen masu lambun da suka gaje wurin, cewa in wani dogo mai faɗin ƙirji ya zo yana tambaya, a ce masa mun koma sama, gida mai itacen bedi a ƙofa. Ni nake raka ta. Ta ga auren auta, ta goyi 'ya'yana huɗu, ta binne Baba.

A ciwonta na ƙarshe, wata ranar Laraba da hantsi, ina ba ta kunu da ludayi sai ta kama wuyan hannuna. Na riga na zama uwar mata lokacin, amma da ta dube ni sai na ji na koma 'yar shekara tara a tsakiyar fili.

"Ke," ta ce, "lallen nan, ke kinka kashe shi ko?"

"Ni ta, Inna."

"Duka ukun kinka zuba ma?"

Idonta bai bar nawa ba. Har yau ban san ko tambaya take yi ba, ko kuwa ta daɗe da sani tana so ne ta ji ko zan iya kai kayan har ƙarshe. Kunu yana ɗiga daga ludayi a zani.

Na ce, "Duka ukun, Inna. Nashi nif fi zuba ma."

Ta saki hannuna, ta gyara kwanciya. "Muguwa," in ji ta. "To ba ni kunun, kuma in wancan ya zo ku ce mishi na jira."